Jan Idon Da Abba Ya Ɗauka Kuka Ne

Kafin ku fara yi mini faɗa a ƙasan wannan rubutun, ku bari in kai ku bayan gidanmu da sassafe, don a can abin ya faro. Na san wasunku za su ce na yi wauta. Na yi, ban musa ba. Amma ku ji ta bakina tukuna.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a layin, daidai inda kwalta ta ƙare. In ka fita ta ƙofar kicin, ga dogon ɗakin kaji mai rufin kwano a hannun dama, ga rumfar shanu a hagu. Shanun uku ne. Biyu na Abba, ta ukun tawa ce, sunanta Gimbiya. Fara ce sol, sai ɗan tabon ruwan ƙasa a goshi, ga yanga kamar ta san sunan da aka sa mata. Ni ce auta a gidan, kowa ma Auta yake kirana, kuma ni nake tatsarta kullum. Nakan kafa goshina a jikinta mai ɗumi, in lumshe ido, madara tana sauka cikin bokiti tsiriri, balbelu suna sauka ɗaya bayan ɗaya a bakin kwamin ruwa. A nan nake duk mafarkaina ido biyu. Na gina gida, na zaɓi labule, har na raɗa wa 'ya'ya suna, duk kafin bokitin ya cika.

Wanda nake gina gidan da shi kuwa, a wayata sunansa Mai Allura. Likitan dabbobi ne. Bara ya zo duba ƙafar Gimbiya da ƙusa ta soka, sanye da takalmin roba har gwiwa, dogo, mai sanyin magana. Kafin ya gaishe ni sai da ya gaishe ta.

"Ranki ya daɗe, a ɗan ɗaga mana ƙafar," ya ce da saniya.

Dariya ta kuɓuce mini. Ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "Ke ce uwar Gimbiya?" Daga ranar sunan ya bi ni, zuciyata kuma ta bi shi. Ba na jin kunyar faɗa, ina son bawan Allahn nan.

Matsalar Abba ce. Watanni kaɗan bayan haɗuwarmu murar tsuntsaye ta faɗa gonar aminin Abba. Mutanen ofis suka zo da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, suka kashe kajin duka suka binne, suka kulle gonar. Mai Allura yana cikinsu. Abba ya dawo gida yana huci.

"Mura! A kan mura a binne wa mutum kajinsa kaf? Ni sau nawa nake mura a shekara? Wa ya taɓa binne ni?"

Umma ta ce, "Ai ka ji an ce ba irin tamu ba ce, tana kisa."

"Da tana kisa da ba a ce mata mura ba."

Tun daga lokacin Abba ya sa masa suna Mai Binne Kaji. Sau biyu Umma tana kai masa maganar yaron yana so ya zo su gaisa, sau biyu yana ɗaukar rediyonsa ya bar mata ɗakin. Ni kuma ba na iya musu da Abba. Ya fi kowa sona a duniya, kuma na fi kowa sanin haka.

To, ranar Litinin ɗin makon jiya muka tarar da kaji uku a kwance, kawunansu a kumbure. Abba ya ce zafi ne. Washegari bakwai. Ya haƙa rami bayan rumfa da hannunsa, ya rufe, ya ce kada ya ji maganar a bakin kowa. A ranar ne kuma Gimbiya ta kawar da kai daga dusa. Da na tsuguna tatsa, abin da ya fito ba madarar da na sani ba ce. Kauri gare ta, ruwan ɗorawa, kuma 'yar kaɗan. Na kira Abba. Ya leƙa bokitin, fuskarsa ta washe.

"Kai, dakashi ne! Wannan ai ya fi madara ƙarfi."

Dakashi, ga waɗanda ba su tashi cikin dabbobi ba, shi ne nonon farko mai kauri da ke zuwa bayan haihuwa. Umma ta tsaya a ƙofar kicin riƙe da ludayi.

"Dakashi wata bakwai bayan ta haihu?"

"Ke dai ba ki san shanu ba. Albarka ce."

Suna cikin haka Gimbiya ta kai wa bokitin shuri, abin da ba ta taɓa yi mini ba. Madarar ta fantsamo mini a fuska, ta shiga idona na hagu. Na goge da gefen mayafina, na ci gaba da aikina.

Da safiyar Laraba na tashi idon a manne da kwantsa. Na wanke, na duba madubi, ya yi jajir, yana zubar da ruwa shi kaɗai, yana mini kamar an zuba yashi a ciki. Na fito tsakar gida ina sharewa, sai muka yi kiciɓis da Umma. Ta ajiye tsintsiya, ta kama haɓata.

"Auta, kuka kika yi?"

Na buɗe baki zan ce a'a, wallahi na buɗe. Sai ta janyo ni jikinta.

"A kan yaron nan ne, ko? Kin zauna kina cin zuciyarki ba ki gaya wa kowa ba. Bari uban naki ya shigo."

'Yan uwa, a nan ne na yi shiru. Shirun nan shi ne laifina na farko.

Ina ɗaki ina jin su ta taga. Umma tana cewa yarinya za ta makance a kan taurin kansa, Abba yana gyaran murya, rediyo a kashe. Da rana ya wuce ta gabana sau uku, kowane wucewa sai ya saci kallon fuskata. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ƙara langaɓar da kai, na riƙa jan numfashi. Yayata da ke aure a wani gari ta kira tana dariya.

"Shegiya Auta, ashe kin iya! Ni da na yi wata biyu ina kuka ko kallo ban samu ba."

Da la'asar Abba ya kira ni ƙarƙashin bishiyar da yake shan iska. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Ba na son ganin hawayenki, kin sani. Ki ce masa ya zo ranar Asabar bayan la'asar, in ji abin da ke tafe da shi."

Ban san yadda na koma ɗaki ba. Ƙafafuna dai sun taka ƙasa, amma ban ji ta ba. Na kwanta rigingine ina kallon fanka tana juyawa, labule yana ɗagawa yana sauka, hasken yamma ya zubo a kan bango ruwan zuma. Na ɗauki waya na rubuta:

"Likita, Abba ya ce Asabar."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa.

"Uwar Gimbiya, kada ki yi mini wasa da hawan jini. Ina tsakiyar garken tumaki."

"Wallahi. Bayan la'asar."

"Na zauna a ƙasa. Wani rago yana kallona. Ɗaga kiran bidiyo in ga fuskarki."

"A'a, ban yi kwalliya ba."

"To hoto."

Na tashi na ɗaura ɗankwalina mai ruwan toka, na ja mayafi ya rufe gefen hagu, na juya ɓarin dama wajen taga na ɗauka. Hoton ya yi kyau, ba yabon kai ba.

"Masha Allah. Amma ni ido biyu na sani. Ina ɗayan?"

"Na ajiye maka shi sai Asabar."

"Ya Gimbiya?"

Na daɗe ina kallon tambayar. Sannan na rubuta, "Tana gaishe ka."

Yanzu ga abin da ban so in faɗa muku ba. Na sani. Tun watannin baya, wata rana muna hira a waya, ya gaya mini ciwon nan ya fara tsallakawa daga tsuntsaye zuwa shanu. Ya ce saniya takan daina ci, madararta ta yi kauri kamar dakashi, mai tatsa kuma idonsa ya yi ja. Ya ce yawanci a ido yake tsayawa, amma wani lokacin yakan sauka ƙirji, musamman ga manya, kuma ɗanyar madarar ta fi komai haɗari. Har ya ce, "In kin taɓa ganin haka, ni za ki fara kira." A lokacin muryarsa nake saurare, ba maganar ba. Amma maganar ta zauna.

Na kuma san abin da zai biyo bayan kiran. Ba mutumin da zai gani ya kawar da kai ba ne, abin da ya sa nake sonsa ke nan. Zai kai rahoto, fararen kaya za su shigo gidanmu, a binne kajin Abba, a killace shanu. Asabar ɗina kuma ta tafi har abada. Sai na yi wa kaina wayo irin na yara. Na ce bari Asabar ta wuce, Abba ya amsa, Lahadi in faɗa. Kwana uku ne kawai.

A cikin kwana ukun nan na riƙa tatsar Gimbiya da jakar leda a hannu, in faki ido in tuttular da madarar a ramin bayan rumfa, in ce wa Abba ta zube. Ta sauran shanun kuma na riƙa tafasa ta har sai ta taso sau biyu. Na ware kofina da tawul ɗina. Na daina kwanciya a gadon Umma da rana. Kaji suna ci gaba da faɗuwa, Abba yana ci gaba da haƙa, ni kuma ina ɗaki ina gwada kaya a gaban madubi.

Doguwar riga na zaɓa, ruwan hoda mai duhu, da ɗinkin zare fari a wuya da bakin hannu. Mayafi fari mai taushi. 'Yan kunnen Umma masu kamar ɗigon ruwa. Na goge rigar sau biyu na rataye a jikin ƙofa, nakan kwanta ina kallonta tana motsi in iska ta shigo, in ga kamar ni ce a ciki, a wani falo da ban taɓa shiga ba, ina jiran ƙarar motarsa. Idona yana zafi, jikina ya ɗan yi ɗumi, amma daɗin da nake ji ya danne komai.

Ranar Asabar Umma ta hana ni fita baya.

"Yau ba ke ba warin shanu. Abbanki zai yi tatsar."

Na so in hana, amma mai gyaran gashi ta riga ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta. Na ce a raina in an gama zan je in zubar. Aka gama, aka shiga sharar falo, aka canza rigunan kujeru, aka wanke kofunan gilashi na baƙi. Na manta.

Kwalli ya gagara. Ina kai shi kusa da idon sai hawaye, na haƙura na sa wa na dama kaɗai, na ja mayafi.

Bayan la'asar na ji tsayuwar mota. Na leƙa ta labule. Ban taɓa ganinsa babu takalmin roba ba sai ranar. Riga ya sa shuɗiya mai haske, an goge ta har tana ɗaukar ido, da agogo baƙi, ya yi aski. Ya tsaya a ƙofa yana gyara wuyan riga kamar ɗan makaranta ranar jarrabawa. Tausayinsa da sonsa suka kama ni lokaci ɗaya.

Na ba su minti goma, sannan Umma ta miƙo mini tire. Na shiga da sallama, kaina a ƙasa. Ƙamshin turarensa ya cika falon. Yana zaune a kan kafet, ya ƙi hawa kujera, Abba kuwa har da dariya, abin da ban zata ba. Na durƙusa na ajiye shayi.

"Ɗago kanki, Auta," in ji Abba. "Bari ya ga abin da ya jawo mini a gida. Kwana huɗu yarinyar nan tana kuka a kanka, malam. Ni ba sonka nake ba, ita nake so."

Na ɗago a hankali. Mayafin ya zame.

Murmushi ne a fuskarsa da farko. Ina kallo ya tafi. Ya dubi idon dama, ya dubi na hagu, ya sake duban na dama.

"Da ido ɗaya kike kukan?" ya tambaya, murya ƙasa ƙasa.

Na ji Umma ta motsa a bayan labule.

Ya juya wajen Abba, ya ƙara sunkuyar da kai.

"Abba, ka gafarce ni. Ya kajin?"

"Lafiya lau."

"Shanun fa?"

"Sun fi ka lafiya. Farar ma har dakashi take bayarwa, ba haihuwa ba komai."

Na ga ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe, ni ya kalla, kallon da ba zan manta ba. Babu faɗa a ciki, da ma faɗan ne da ya fi mini sauƙi.

"Abba, ina roƙon alfarma. A bar ni in leƙa bayan gida, minti biyar."

Abba ya ajiye kofin shayinsa.

"Neman aure ka zo ko aiki?"

"Aure na zo nema, Abba. Amma idonta..."

"Na ce maka kuka ta yi! Ka shigo gidana da shuɗiyar riga, ashe fararen kayan suna mota." Ya ɗaga murya wajen labulen da Umma take. "Ke, kawo mini kwalbar nan ta cikin firji, wadda na tatsa da safe."

Umma ta shigo da ita. Madarar ta kwanta a ciki, ruwan ɗorawa, mai kauri. Abba ya tsiyaya a kofin gilashi har ya kusa cika.

"Ga murar taka. Zan sha a gabanka, in ya so ka binne ni."

"Abba, don girman Allah kada ka sha. Ba a tafasa ba." Ya yunƙura a kan gwiwoyinsa, amma ya kasa miƙa hannu. Ta ina zai riƙe hannun mutumin da ya zo neman 'yarsa?

Abba ya dube ni, ya sassauta murya, irin yadda yake yi mini tun ina ƙarama.

"Auta, ke kike tatsarta kullum. Gaya masa lafiyarta lau, a wuce wurin, mu yi maganar da ta tara mu."

Kalma biyu kawai ake nema a bakina. Lafiyarta lau. In na faɗa, rigar nan ba ta tashi a banza ba, labulen da na zaɓa a raina za a rataye shi. Na dubi Abba, furfurar gemunsa, da ƙirjinsa da ke yi masa nauyi duk lokacin sanyi. Kofin ya kai leɓensa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ji hannuna ya bugi nasa, kofin ya yi sama ya daki ƙafar tebur ya tarwatse. Madarar ta wanke masa gaban riga. Tunda aka haife ni ban taɓa ko ɗaga murya a gabansa ba.

"Ba kuka nake yi ba, Abba," na ce. "Ko sau ɗaya ban yi kuka ba. Madarar Gimbiya ce ta shiga idona ranar Talata. Ba ta ci, kwana biyar ke nan. Ba zubewa take yi ba, ni nake zubarwa. Kajin da muka binne sun wuce talatin. Na sani tun farko, na yi shiru don ka ce ya zo."

Umma ta ce, "Innalillahi," ta zauna a hannun kujera.

Abba bai kalle ni ba. Gaban rigarsa ya tsura wa ido, madara tana ɗiga daga gemunsa. Da ya yi magana, da Mai Allura ya yi, kuma a hankali.

"Abin nan na idonta, yana kisa?"

"In an je da wuri akwai magani, Abba. Yau ya kamata a gan ta. Kai ma da Umma a duba ku, tunda ka yi tatsa."

"To tashi ka kai ta, uwarta ta bi ku. Ni zan zo da ƙafata." Ya share gemunsa da bayan hannu. "Gobe ka kawo mutanenka ku yi abin da kuka saba, ba zan tare muku ƙofa ba. In kun gama, ka manta hanyar gidan nan."

"Abba..." na ce.

"Ke kuma kin yi mini wasa da tausayi. Na gode."

Ya miƙe, ya tsallake fasassun gilashin, ya nufi ƙofar kicin ko takalmi bai sa ba. Mai Allura ya ciro takunkumin fuska daga aljihun shuɗiyar rigarsa ya miƙo mini. Na karɓa na kasa ɗaurawa, don a lokacin ne kukan gaske ya zo mini, da idanu biyu, har ina shiɗewa. Na kira Abba sau biyu. Ya ji ni sarai, amma bai waiwayo ba.